Yadda Alhaji Sharfuddeen Ya Matsa Gefe

Alhaji Sharfuddeen mutum ne mai magana. In ya shiga ɗaki, kafin ya samu wurin zama maganarsa ta riga ta hau dukkan kujerun. A ofishinsa na kago da ke unguwar Al Rigga a Dubai, inda ake ɗaure kayan 'yan kasuwa a tura su Kano da Yamai, akwai wani aku na roba da wani ɗan Sin ya ba shi kyauta, irin wanda yake maimaita duk abin da aka faɗa a gabansa. Akun nan ya yi ta bin Alhaji har muryarsa ta shaƙe, ƙarshe sai dai ya girgiza kai kawai.

Matarsa Asama'u ta yi shekaru tana saurare. Da takardar zamanta a Dubai ta kusa ƙarewa, sai wata safiya ta ajiye masa shayi ta ce, "Abban Sadia, kada ka wahalar da kanka da sabunta min biza. Gida zan koma."

Ya tambaye ta dalili, sannan ya amsa da kansa. Ya ce zafi ne, ya bayyana mata cewa zafin Kano ya fi wahala tunda can babu wuta. Ya ce kewar Hajiyarta ce, ya kawo mata hanyoyin magance kewa. Da ya gama rushe dalilan da ya gina, ya waiwaya, ashe ta daɗe da shiga kicin. Daga can ta ce, "Gidan nan ba ya ɗaukar mutum biyu."

Alhaji ya dubi falon, mai faɗi ne har da baranda. Ya rasa gane lissafinta.

Farkon shekarar 2021 ne, lokacin da Yahudawa suka fara yawo a fili cikin Dubai, da 'yan hulunansu kamar murfin kwano a tsakar ka. Wani tsoho daga cikinsu, haifaffen Maroko mai suna Sham'un, ya kama ɗan shago a benen da ofishin Alhaji yake, yana ɗora duwatsu a zobba. Alhaji ya kai masa zoben azurfa, ya zauna jira, ya kwashe labarin gidansa kaf ya zuba masa da Larabcin kasuwa. Tsohon yana ta aikinsa, da wani gilashi maƙale a ido ɗaya wanda ya sa idon ya zama kamar na saniya.

Da Alhaji ya tsaya shan ruwa, Sham'un ya ce, "Ka kai shekara arba'in?"

"Na wuce."

"To zan iya gaya maka. Muna da wani ilimi na ɓoye, Kabbala, da a da ba a buɗe wa yaro shi. Malamanmu sun ce kafin halitta babu komai sai hasken Mahalicci, ya cika ko'ina, babu gurbin da ko ƙwayar gero za ta tsaya. Sai Ya janye haskenSa, Ya bar fili. A filin nan duniya ta samu wurin zama. Janyewar nan muke kira tsimtsum."

"Subhanallahi," in ji Alhaji. "Allah Ya wuce wuri, Ya wuce matsawa."

"Mu ma mun sani, habibi. Misali ne aka buga don ƙananan kawuna irin nawa da naka. Abin ɗauka shi ne, in kana so wani ya rayu kusa da kai, sai ka matsa."

Alhaji ya buɗe baki zai ƙara bayani a kan abin da bai taɓa ji ba sai yanzu, sai ya rufe. Rufewar ta yi masa daɗi, kamar wanda ya ɗanɗani wani ɗan itacen ƙasar waje.

Ran nan da rana ya hau jirgin ƙasan Dubai, wanda ba shi da direba, ya tsaya can gaba jikin gilashi inda ya kamata direban ya zauna. Ba kowa a wurin, kuma ga jirgi yana gudu, yana tsayawa inda ya dace, yana buɗe ƙofa. Alhaji ya ɗauki wannan a matsayin alama.

Abin da bai tambayi Sham'un ba shi ne gwargwado. Shi kuwa mutum ne da ya saba auna komai da kwantena. Saboda haka ya janye gaba ɗaya. In an yi masa sallama yakan amsa, don wannan wajibi ne. Amma gaisuwar da ke biyo baya, ta iyali da gajiya da kasuwa da labarin gida, wadda a da yakan ja ta har mai gaishe shi ya canza ƙafar tsayuwa, sai ya datse ta da "Lafiya" guda ɗaya.

Wanda abin ya fara dukansa shi ne Mutari, mutumin Damagaram, abokin aikinsa mai kula da lodi. Tsakanin Bakano da Badamagare akwai wasa tun na kakanni, kuma su biyun ba su taɓa fara aiki ba sai sun zagi garuruwan juna.

"Bawan Damagaram, an tashi?" in ji Mutari da safe. "Bon, to, ɗauko wa ubangidanka kujera."

A da Alhaji zai tuna masa cewa mutanensu in sun zo Kano sukan cire takalmi kafin su hau kwalta. Yau sai ya yi murmushi irin na masu ma'arifa. Sai dai lokacin annoba ne, kowa da takunkumi a fuska, murmushin ya tsaya cikin ƙyalle. Abin da Mutari ya gani shi ne idanu biyu da kujerar da aka miƙo masa da gaske. Abokin wasan da ka tsokana ya yi shiru ya ba ka kujera, wannan ba haƙuri ba ne, gaba ce.

A gida kuma Alhaji ya zaɓi kusurwar falo ya tare. Yana zaune hannu a cinya, yana satar kallon Asama'u don ya ga ko ta fara faɗaɗa cikin filin da ya bar mata. Ita kuwa sai ta koma tafiya da sanɗa, ta rage ƙarar rediyo, ta hana 'yarsu Sadia dariya. Ta ci gaba da sayen tsarabar tafiya.

Da shirun ya wuce kwanakin da addini ya yarje wa Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa, sai ran Juma'a bayan an sauko, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Malam Zainul Abideen ne, injiniyan da Hausawan unguwar suke kai wa matsalolinsu, da Mutari, da Halliru akawun ofis. Suka zauna nesa da juna, fuskokinsu kamar masu ta'aziyya.

Malam ya yi addu'a, ya yi nasiha a kan haramcin gaba, sannan ya ce, "Alhaji, mun zo sulhu. Matsalar ita ce ba mu san da wa za mu sulhunta ka ba. Kowa ya ce da shi kake."

Mutari ya sauke takunkuminsa. "Ni ne, Malam. Na ce wa direbobi in jirgin kago ya rasa mai, a sa Alhaji a bayansa ya yi magana, iskar za ta kai shi Kano. Wasa ne, wallahi. Khalas, shi ke nan, na bari."

"A'a, ni ne," in ji Halliru. "In yana waya da ni nakan ajiye wayar a tebur in ci abinci, in dawo in ce haka ne, Alhaji."

"Tunda ana faɗa," Malam ya gyara zama, "ni ma nakan hange ka a bakin masallaci in bi ta ɗaya ƙofar. Allah Ya yafe mana."

Alhaji ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Ya janye ne don duniya ta samu wuri, ga duniyar ta taso ta cika masa falo, ba ta da zance sai nasa. Har a wayoyin mutane, in ji Halliru, ana ta tambaya ko asiri aka yi masa, wasu sun ce bizarsa ce ta samu matsala.

"To ka yi magana mana," in ji Malam. "Muna sauraro."

Tunda aka haifi Alhaji ba a taɓa roƙonsa ya yi magana ba. Bayanin Kabbala ya taso masa tun daga ciki, da hasken, da filin, da jirgin da ba direba, da ƙarin wasu abubuwa da shi ya gano da kansa waɗanda Sham'un bai sani ba. Ya ja numfashi mai tsawo.

Sai Asama'u ta shigo da faranti na ƙosai, ta durƙusa ta gaida Malam, ta ajiye. Maimakon ta koma, sai ta tsaya.

"Malam, a gafarce ni. Ba da su yake ba. Ni yake yi wa." Ta juya ga mijinta. "Abban Sadia, da kana magana nakan samu in yi tunanina a ƙarƙashinta, kamar mai fakewa a rumfa ana ruwa. Yanzu ka zauna a lungu kana kallona, ko cokali na ajiye sai in ji kamar na yi laifi. Shirun nan naka ya fi surutunka cin wuri."

Mutari ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa don dariya.

Numfashin da Alhaji ya ja yana nan a ƙirjinsa, ya isa huɗuba guda. Ya riƙe shi har idonsa ya kawo ruwa. Abin da ya fito a ƙarshe ɗan kaɗan ne, shi kansa ya yi mamakin ƙanƙantarsa.

"To me kike so, Asama'u?"

Ya tsaya. Wannan karon bai amsa wa kansa ba.

Ta yi shiru ita ma, don ba ta zo da amsa ba, ba ta taɓa zaton za a bar mata tambayar a buɗe ba. Malam ya yi gyaran murya, ya ce su dai sun ga alamar sulhu ya kama hanya, ya ja mutanensa suka miƙe. A bakin ƙofa Mutari ya ce, "Sai gobe, bawana."

"Ka gaida masu cin fara," in ji Alhaji, a taƙaice. Mutari ya fita yana hamdala.

Asama'u ta zauna a kujerar tsakiya, wadda Malam ya tashi daga kai.

"Bizar, a sabunta ta shekara ɗaya mu gani," ta ce. "Amma akwai maganganun da nake da su. Zan fara daga ranar da muka sauka a filin jirgi, ka yi wa ɗan tasi bayanin hanyar garinsu."

"Ai wannan ranar abin da ya faru shi ne..."

Ta dube shi.

Alhaji ya miƙa hannu ya ɗauki ƙosai mafi girma a farantin, ya sa shi a baki gaba ɗayansa.