Ɗaki Biyu a Lajawa

Saifuddeen ya shekara tara yana zana gidaje a wani kamfani a Kano kafin a turo shi bita Wudil. Bai so zuwa ba. Bita ce ta mako shida a kan zana gidaje masu sauƙin ginawa, shi kuwa hannunsa ya saba da benayen masu hali. Abin da ya ɗan rage masa haushi shi ne Lajawa ba ta da nisa. A can Goggo Safara'u take, yayar mahaifinsa, wadda ta riƙe shi tun yana ɗan shekara huɗu bayan rasuwar iyayensa.

Shekarar da ya gama jami'a ya zana mata gida mai ɗaki huɗu da falo da tayil har tsakar gida. Ta daɗe tana kallon takardar, ta sa masa albarka, ta naɗe ta ta jefa cikin akwatinta. Tun daga nan duk sallah in ya zo sai ya ce, "Goggo, saura ƙiris." Ita kuma ta ce, "Allah ya nuna mana." Da bangon ɗakinta ya tsage, shi ya hana a tayar da sabo, ya ce ɓarnar aiki ce tunda rushewa za a yi. Sai aka tokare shi da itace.

Mai koyar da su a bitar, Dakta Rahinatu, mace ce da ba ta da yawan magana. Ranar farko ta ce da su, "Kowannenku ya nemo gida ɗaya na gaske, mai mutane a ciki. Ku je ku zauna da su kwana uku. Kada wanda ya taɓa fensir sai ya gama saurare."

Saifuddeen ya zaɓi gidan Goggo, don yana ganin ya san shi ciki da bai. Ya iske ta tana sussukar gero a gindin darbejiya. Bayan sun gama gaisawa, ta tambayi matarsa da yara da mutanen Kano, sai ya zauna a bakin tabarma ya ce, "Goggo, in da za a yi miki ɗaki gobe, wane iri kike so?"

Ta yi dariya. "Ai ka riga ka zana, Injiniya."

"Ki manta da wancan. Naki nake tambaya."

Ta jingine taɓarya. Can ta ce, "To, kada a ɗaga dokin ƙofa, gwiwoyin nan sun gaji. A yi taga ta gabas inda zan riƙa hango awakina. Madafa kusa, don in ana ruwa kada in jiƙe. Sai ɗan ɗaki ɗaya a gefe, in ka zo da iyalinka ku kwana, ku daina juyawa a ranar."

Shi ke nan abin da ta nema. Da ya koma masauki ya zana shi, shafi ɗaya bai cika ba. Ya zauna yana kallonsa, sai ya gane tun shekararsa ta biyu a wurin aiki yake da ƙarfin gina wannan.

A mako na biyu Dakta Rahinatu ta kawo musu wani tsohon magini daga Kausani, Baba Gwadabe. Wasu daga cikin 'yan bitar suka fara murmushi ƙasa-ƙasa, har tsohon ya ɗebi jar ƙasa ya jiƙa, ya murza ta a tafinsa, ya faɗi yawan yashin da ke ciki. Da aka gwada a kwalba, maganarsa ta fita daidai. Shi ya nuna musu yadda ake cakuɗa ƙasa da siminti kaɗan a matse ta a inji ta zama bulo, da yadda ake ɗaga harsashi da dutse don kada ruwa ya ci gindin bango. Ya ce, "Ginin ƙasa ba ya tsoron komai sai jiƙar ƙafa da jiƙar kai. Ku ba shi takalmi, ku ba shi malafa."

Saifuddeen bai jira a gama bita ba. Ya roƙi Baba Gwadabe, aka ari injin matse bulo, aka fara aiki a filin da ke bayan ɗakin Goggo. Bazara ce, zafi kamar ya dafa mutum, kowa na sauri kafin ruwa ya sauka. Da safe yana aji, da la'asar yana Lajawa da wando naɗe. Goggo ta hana kanta zama. Ita ke yayyafa wa bulo ruwa safe da yamma, ita ke dama wa magina fura. Duk wanda ya shigo sai ta ja shi ta nuna masa inda tagarta za ta kasance.

Barakatu, matar ɗan Goggo da ya rasu, wadda ke zaune a gidan da 'ya'yanta uku, ta ce da shi wata rana, "Yaya, rabon da in ga Goggo tana waƙa tun kafin rasuwar baban yaran nan."

Ranar Alhamis ta mako na biyar, suna tsakiyar darasi a kan shigar iska, wayarsa ta yi ƙara. Barakatu ce. Goggo ta yanke jiki ta faɗi da bokiti a hannu. An ɗauko ta zuwa asibiti a Wudil. Likita ya ce hawan jini ne, ɓarin jikinta na dama ya shanye.

Kwana biyu ba ta yi magana ba. Ran na uku da hantsi ta buɗe ido ta gan shi zaune a gefen gado. Bakinta ya karkace, sai da ya sunkuya sannan ya ji ta.

"An kai ina?"

"Bango ya kai linta, saman ƙofa ke nan, Goggo. Saura rufi."

"Madalla."

Ya riƙe hannunta na hagu. Maganar da yake riƙe da ita tun ranar da ya yi sabon zanen ta fito da kanta. "Goggo, ki yafe mini. Shekara tara na bar ki a ɗakin da ke tokare, alhali wannan bai fi ƙarfina ba. Ko tambayarki ban taɓa yi ba."

Ta ɗan girgiza kai. "Ni ma da nawa laifin. Tun ranar da ka kawo takardar nan na san ba gidana ba ne. Amma na ga yadda fuskarka take, sai na kasa faɗa." Ta numfasa. "Na yafe maka, Saifu. Allah ya yi maka albarka. Ka kula da Barakatu."

Bayan azahar ta cika.

A tsohon ɗakin aka yi mata wanka, aka fito da ita ta gefen bulon da ta jiƙa da hannunta. Saifuddeen bai yi kuka ba sai da aka dawo daga maƙabarta ya ga wani ya jingine bokitinta a jikin sabon bango. Nan ya durƙusa. Baba Gwadabe ya tsaya a kansa har ya gama.

Bai koma aji ba. Ya ce da magina su kwashe kayansu, ba ya son sake ganin ginin. Ranar sadakar uku sai ga Dakta Rahinatu da 'yan bitar su goma sha ɗaya a motar haya. Suka yi ta'aziyya, aka yi addu'a. Da za su tashi, ta dubi gabas inda hadari ya fara haɗuwa, ta ce, "Malam Saifuddeen, ba zan ce maka kada ka ji ciwo ba. Amma in ruwa ya sauka a kan bangon nan babu rufi, aikin ya lalace. Kuma akwai mutum huɗu a gidan nan da ba su da inda za su fake sai ɗakin da ke tokare. Ka ba mu izini kawai."

Ya gyaɗa kai.

Washegari suka dawo da katako da kwano. Mutanen da suka saba aiki da kwamfuta a ofis mai sanyi suka hau tsani, Baba Gwadabe na ƙasa yana yi musu tsawa in sun karkata ƙusa. Da rana ta take, Saifuddeen ya fito daga zaure ya karɓi guduma daga hannun wani. Kwana biyu suka gama.

Barakatu da yaranta suka tare bayan arba'in. Takardar shaidar bitar kuwa a ofis ya same ta, cikin ambulan, bayan ya koma Kano.

Da kaka ta yi, magidanta biyu daga Lajawa da wata bazawara daga Sabon Gari suka aiko suna neman irin wannan gini. Yanzu kusan duk Asabar yana hanyar Wudil, shi da Baba Gwadabe, wanda ƙafa ta fara hana shi hawa tsani. Idan ya biya ta gidan Goggo, Barakatu takan shimfiɗa masa tabarma a zaure, ta kawo ruwa, su gaisa, ya tambayi karatun yara. Sau biyu ta ce ya shigo ya ga yadda ɗakin yake da sanyi ko da rana tsaka. Ya ce sai wani zuwan.