Waƙar da Malam Ya Kwafa a Allo

Shekara goma sha tara Malam yana koyar da adabi, kuma yana taƙama da cewa baiti biyu sun ishe shi gane zuciyar mawaƙi. Da matarsa ta saka masa wata waƙa da ta rubuta a cikin jaka, a tsaitsaye ya karanta, kansa ya kumbura, ya ce ai yabo ne. Ko godiyar kirki bai yi mata ba, aikin duba jarrabawa ya sha masa kai.

Bayan wata uku ya rasa abin da zai ba 'yan ajin ƙarshe, sai ya kwafe waƙar a allo, bai faɗi mai ita ba. Ya tambaya da wace irin murya aka rubuta ta. Hannuwa suka tashi: murna, yabo, godiya. Malam sai gyaɗa kai yake yi.

Wata ɗaliba da ke zama bakin taga ta ce ita kam ba ta ji murna ba.

"Malam, ta yabi kofin shayinsa da jan bironsa da ƙeyarsa in ya sunkuya a kan tebur. Tun daga farko har ƙarshe tana tsaye a bayansa, ko sau ɗaya bai waiwayo ba. Wannan matar ta gaji da jira."

Ya ce ta zauna, ta daina cusa wa waƙa abin da babu. Ya juya zai goge allo, idonsa ya bi baitocin, hannunsa ya tsaya cak. Teburinsa na gida bango yake kallo. Shayin ma a gefen gwiwar hannunsa ake ajiyewa, yakan sha bai ɗaga kai ba. Kunya ta rufe shi, har aka buga ƙararrawa bai iya haɗa ido da yarinyar ba.

Ran nan a makaranta ya bar takardun da zai duba. Ya tarar da matarsa tana ninke wanki a falo, ya jawo kujera ya zauna suna fuskantar juna. Ya ce ya sake karanta waƙar, ya gane, ya roƙe ta ta yafe masa.

"Kai ka gane, ko gaya maka aka yi?"

Ƙarya ta zo masa har baki, ya haɗiye. Ya ce wata ɗaliba ce.

Ta ajiye rigar da ke hannunta a hankali.

"A aji ka karanta ta? Ni don mutum ɗaya na rubuta."