Filastar Inna

"Ke kika kawo ta Talatar da ta wuce," in ji Babba. "Da bakinta ta faɗa mini."

"Ni kuma ce mini ta yi ke ce," in ji Auta.

A ɗan ofishin nas ake wannan cacar baki, jikin ɗakin da ake yi wa masu ciwon daji ƙarin ruwan magani. Inna, uwar tasu, na zaune a tsakiya ta ƙura wa silifas ɗinta ido, sai ka rantse ba da ita ake ba.

Nas ta buɗe kati. Sau biyu a jere Inna ba ta zo ba. Asibitin sun fito da tsarin buga waya ana gobe ranar mutum, to amma wayar Inna suke kira, ita kuwa bakinta zuma: "In sha Allahu, 'yar nan, da sassafe." A haɗa mata magani, a jira, la'asar ta yi a zubar, don ba ya kwana. Sai jiya nas ta yi dabarar kiran lamba ta biyu da ke kan katin, ta 'ya'yan. Likita ya ce kumburin ya fara dawowa, in aka sake tsallake na uku maganin ba zai ƙara riƙe shi ba.

Babba ta rantse ta ga filasta a bayan hannun uwarta da idonta. Auta ma haka. Nas ta kama hannun a hankali ta ɗaga filastar yau, wadda Inna ta liƙa tun a gida cikin mantuwa. Auduga fes, fata ba ko ɗigon allura. Ashe tsohuwa a kantin magani take saye, ta zauna a bencin tashar mota har azahar, sannan ta koma gida tana rangaji. Har amai take ƙaƙalowa, baiwar Allah.

Da aka matsa mata, sai ta nuna kujerar bakin taga ta cikin gilashi. Wata bakwai suna jere da wata tsohuwa da ake ce wa Rediyo, ruwa na ɗiga suna yanka gulmar likitoci da surukai. Rediyo ce ke riƙe mata kwano in amai ya taso. Ranar nan ta zo har bakin ƙofa, ta tarar da wani mutum a kujerar, mai shara ta raɗa mata cewa tsohuwar ta rasu. Ƙafafunta suka ƙi shiga.

"Haba Inna, ki gaya mana mana!" in ji Babba. "Kashe kanki za ki yi saboda wadda ko sunanta ba ki sani ba?"

"Na gaya miki," in ji Inna. "A kicin. Na ce Rediyo ta rasu. Kika ce a kai wa mai gyara, kina danna waya."

Auta ta sunkuyar da kai. Nas ta yi kamar tana neman biro, can ta ce akwai kujera a ɗaya ɓangaren, mai kallon bango, kuma duk Talata sai ta ga ɗiya ɗaya da idonta kafin ta haɗa magani. Inna ta miƙa mata hannu ba musu.

Babba ta miƙe tsaye. Ta suri jakarta ido jajir, ta fita, ta bugo ƙofar har ledar ruwan da ke rataye ta yi lilo.