Furen Baba a Cikin Kabad

Shekara shida Baba yana renon wata shuka a tukunya, shi da ya ƙarar da ƙarfinsa yana gyaran lambun furanni a gidajen mutane. Har tsokanarsa muke, muna kiranta Autar Baba, don ba ta taɓa tsinana komai ba sai ganye. Sai da aka kwantar da shi a asibiti, likita ya ja mu gefe ya ce sai dai haƙuri, sannan 'yar banzar ta ga damar buɗewa. Fure uku, farare tas.

Ranar Talata ce, kuma ɗakin da yake ba a barin 'yan dubiya sai Alhamis. Na kira shi a waya.

"Kawo min ita in gani," ya ce, muryarsa can ƙasa. "Kada ki bar kowa ya taɓa."

Yarana kuwa hannunsu ba ya zama wuri ɗaya. Sai na sa tukunyar a kabad ɗin kicin, kusa da ayabar da na saya masa, don ita kaɗai yake iya haɗiya. Na kulle, na riƙe makulli, ni a dole mai dabara.

Da safiyar Alhamis na buɗe kabad ɗin. Furannin sun zube, bakinsu ya yi ruwan ƙasa, sun yi laushi kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Ɗan guntun da ya rage na taɓa, ya biyo yatsana. Na yi kuka, na zagi kaina son raina, na tattara su a hankici.

A asibiti na ajiye masa tukunyar da hankicin da ledar ayaba. Baba ya daɗe yana kallon sandar shukar tsirara. Sai idonsa ya sauka kan ledar ayaba.

"Tare kika rufe su?"

Na gyaɗa kai.

"Ayaba in ta nuna, wata iska take fitarwa. Fure ya shaƙa, sai tsufa ya hau shi. Sau nawa na faɗa muku?"

Ya fi sau ɗari. Ban taɓa saurara ba.

"Za ta sake baɗi, Baba."

"Za ta sake," ya ce. "Ki riƙa ba ta ruwa sau ɗaya a mako."

Ya warware hankicin, ya juya furannin da ɗan yatsa.

"Da wane launi suka fito?"

"Fari."

"Ashe fari ne," ya ce. "Ni duk shekarun nan ja nake zato."