Maganar da Kasha Kaɗai Ta Ji

Ga ta nan tafe gare ku. Kun ce ta zo? To, ku matso.

Ina tsaye da tukunyar miyar kabeji a hannu na hango takalman Orest a bayan rumfar itacensa, ƙanƙara ta rufe su rabi. Maƙwabcina ne shekara arba'in a ɗan garinmu na Manitoba, a ƙasar Kanada. Karyarsa Kasha na kwance a kan ƙirjinsa. Abin wuyanta, irin na'urar nan da ke fassara wa mutane halin dabba, sai faɗi yake da muryar mace mai fara'a: "Kasha tana hutawa. Kasha tana cikin natsuwa."

Na taɓa hannunsa. Ya daɗe da sandarewa.

'Yarsa Darlene ce ta saya masa abin, don ta riƙa sanin halin gidan daga birnin Winnipeg. Ranar da ta kawo shi sai da suka yi cacar baki.

"Kare ma sai an sa masa tafinta?" in ji shi. "Ni da karnuka muna jin juna tun kafin ki san hanyar kanti."

"Baba, kai ba ka ɗaga waya. Ita ko za ta ɗaga."

Ranar da na tarar da gawarsa, Darlene ta iso da azahar, idanu jajur, ta zauna a kicin ɗina ko rigar sanyi ba ta cire ba.

"Anti Stella, awa biyar yana kwance, wayata na ce mini lafiya lau. Har murmushi na yi."

"Karyar ba ta motsa ba ne, 'yar nan. Ɗumama shi take yi. Shi kuwa abin motsi ya sani."

"Ya yi magana? Ya kira ni? Abin yana rubuta duk abin da aka faɗa wa kare."

Ta buɗe wayar. Ƙarfe bakwai: "Zo mu fita." Bakwai da kwata: "Bar nan, ke mayya." Wannan ya sa ta ɗan dara. Daga nan sai layi goma sha ɗaya, duk iri ɗaya: "An yi magana. Ba a gane ba."

Ta kira kamfanin. Wani mai ladabi ya ce ba sa ajiye murya, ma'ana kawai suke ajiyewa. Ya tambaye ta wane harshe ta zaɓa ranar da ta kunna abin wuyan.

"Turanci," ta ce. "Da me zai yi magana?"

Ni na sani. Orest Turanci yake yi a kanti da coci, amma idan ciwo ya kama shi, harshen uwarsa na Yukren yake komawa. Darlene ba ta taɓa jin hakan ba, don bai taɓa bari ta gan shi cikin ciwo ba.

Ta durƙusa ta riƙe fuskar karyar. "Me ya ce miki? Don Allah."

Kasha ta lashi hannunta. Abin wuyan ya ce: "Kasha tana son abinci."

An binne Orest ranar Asabar, sai da aka hura wuta a kan ƙasar da sanyi ya daskarar kafin ta haƙu. Darlene ta sayar da gidan ta koma birni, tana koyon harshen Yukren a wurin wata tsohuwa. Kasha tana wurina, wuyanta babu komai. Kowace safiya takan tsallaka shinge ta kwanta a bayan rumfar itacen, kunnenta ɗaya a ɗage.