Kwana Huɗu Kafin Shelar Ɓallewa

Shekara arba'in da ɗaya ana cewa Auta, ƙanena, yana raye. Wai an gan shi a motocin da suka kwashe fursunonin yaƙi ranar musaya, ya tsallaka iyaka, ya yi wani auren, kunya ta hana shi dawowa. Mahaifiyarmu ta rasu da wannan zance a bakinta. Ni kuwa da na tsufa ina koyar da tarihi, na san yadda "an ce" take ƙiba idan ta samu masu son jin ta.

Da aka buɗe wa jama'a fayilolin yaƙin basasa, matar Auta ta riƙo hannuna daga kan gadon jinya.

"Yaya, ke ce mai boko, je ki dubo mini. In ya auri wata, ki gano ko ta fi ni kyau."

"Da haƙoran nan naki guda uku? Wace ce ta isa?"

Muka yi dariya har tari ya sarƙe ta.

Ofishin ajiyar takardun yana ƙasan bene, fanka ɗaya na kuka, kwalaye har rufi. Ma'aikacin, wani mai furfura da tabarau ɗaure da zare, ya ajiye manyan rajista biyu a gabana.

"Malama, ɗan aware ne ko ɗan tawaye?"

"Ƙanena ne. Kuma ba duk bindiga ɗaya suka ɗauka ba?"

"A wurin harsashi, ɗaya ne. A wurin doka, da sauran magana." Ya dafa rajistar hagu. "Gwamnati ba ta taɓa cewa ɓallewa halal ce ba. Amma a yarjejeniyar tsagaita wuta ta yarda cewa duk wanda ya shiga yaƙi bayan yankin ya yi shelar ɓallewa, da kaki da kwamanda, fursunan yaƙi ne, a tsare shi a sake shi." Ya dafa ta dama. "Sojan da ya gudu da makami kafin shela kuwa, babu tutar da zai fake da ita. Shi tawaye ya yi wa rundunarsa. Kotun soja."

Na buɗe ta hagu. Ga sunan Auta a shafi na sittin, cikin waɗanda za a yi musaya da su. Sai dai an ja masa layi da rula, an rubuta a gefe: an mayar da shi ɗaya rajistar.

Ma'aikacin ya hau tsani ya sauko da wani siririn fayil. Takarda uku ce a ciki. Ta farkon ban buƙaci tabarau ba, rubutun hannuna ne.

Lokacin da muka ji an kama Auta, kowa a unguwa magana ɗaya yake yi: masu raba ƙasa za a kashe, sauran laifi mai sauƙi ne. Har tsohon masinjan kotu, maƙwabcinmu, ya rantse a kan haka. Ni da ko farashin gishiri ba na yarda da shi sai na tambayi shago uku, ban tambayi lauya ko ɗaya ba. Na zauna na tsara wa hukumar soja wasiƙa, ina jin daɗin iya rubutuna: "Ƙanena ba ɗan aware ba ne. Rigima ya yi da kwamandansa, ya bar bariki da bindigarsa kwana huɗu kafin shela. Ni shaida ce, a gidana ya sauka."

An ja jan biro a ƙarƙashin "kwana huɗu".

"Malama, in kawo miki ruwa?" in ji ma'aikacin. Ya riga ya ga sa hannun.

"Karanta mini ta ƙarshen, ɗana. Idona ya ƙi."

Ya karanta a hankali, ya rufe fayil ɗin.

Da la'asar na koma asibiti. Matar Auta ta ɗaura sabon kallabi, tana kallon ƙofa.

"To, Yaya? Ta fi ni?"

Na zauna a bakin gadon.

"Babu wata. Yana cikin waɗanda za a saki, wasiƙar da na rubuta ta cire shi. An harbe shi a bayan bariki, mako biyu kafin musaya."