Takobi na Bakwai

Da ƙarfe sha ɗaya da kwata na safe Direba ya banko ƙofar ɗakin takubba, jini na zuba daga bakinsa, haƙoransa biyu na gaba a tafin hannunsa.

Yayansa na zaune a kan benci, sanye da safar hannu, yana shafa wa takobi kakin zuma. Takubba bakwai mahaifinsu ya tara kafin ya rasu, ya kuma bar musu ƙa'ida: duk wata uku a goge ƙarfen, a shafa masa kaki kaɗan da tsumma, a bari ya sha iska, a sake gogewa. Ba a taɓa ƙarfen da hannu, domin gumi na jawo tsatsa. Ba a barin takobi cikin kube, domin fata na riƙe danshi. Shida suna kan tebur tsirara. Na bakwai ne kawai ke jingine a bayan ƙofa, cikin kubensa.

"Wa ya yi maka haka?"

"Mai walda. Tartsatsinsa ya ƙona min tamfol ɗin mota, na yi magana, ya ɗora min bututun ƙarfe a baki. A gaban jama'a, Yaya. Har da masu dariya."

"Zauna, in nemo mota mu tafi asibiti."

"Shi za a kai asibiti. In ma sun same shi da rai."

Direba ya miƙa hannu kan tebur. Yayan ya tashi ya tare shi. Naushin Direba na farko ya sami yayan a kunne, na biyu ya haɗa shi da risho, gwangwanin narkakken kaki ya kife masa a dantse. Bai yi ihu ba. Ya kama ƙafar ƙanen nasa, aka tokare shi a haƙarƙari har sau biyu. Direba mutum ne mai ɗaga tayar babbar mota shi kaɗai. Yayan ya ga ba zai iya riƙe shi ba, sai ya faɗa kan teburin rub da ciki, ya danne takubban shida da ƙirjinsa. Kaifin ɗaya ya ratsa safar, ya tsaga masa tafin hannu.

"Ɗaga, Yaya!"

"Sai dai ka fara da ni."

"Wallahi zan jefar da kai ta taga!"

Yayan ya juyo da fuskarsa, yana haki. "To in dai sai ka je, ka yi hankali mana. Wa zai bar ka ka ratsa titi da takobi tsirara? Kafin ka kai kwana an taru an danne ka. Ga mai kube can bayan ƙofa."

Direba ya fizgi na bakwai ya fice. Yayan ya naɗe hannunsa da tsumman kaki, ya bi shi yana ɗingishi.

Shagon walda gida huɗu ne tsakaninsa da nasu. Mai walda ya ɗaga gilashin fuskarsa, ya ga abin da ke tafe, ya sunkuya ya ɗauki bututun nan.

"Ka dawo neman haƙoranka ne?" in ji shi.

Direba ya riƙe kube da hagu, ya ja ƙota da dama. Takobi bai motsa ba. Ya sake ja. Ya matse kuben tsakanin gwiwoyinsa, ya ja da hannu biyu har jijiyoyin wuyansa suka tashi.

Bara da yayan ya kwanta jinya, Direba ne ya yi aikin kakin. Shida ya shafe da tsumma, a na bakwai ya gaji. Sai ya narkar da kaki, ya tuttula cikin kube, ya cusa takobin, ya ce ai yanzu shi da tsatsa har abada. Kakin ya daskare ya riƙe ƙarfen. Shekara guda ke nan yayan na neman hanyar zare shi ba tare da ya lalata fatar ba. Direba kuwa tuni ya manta.

Bututun ya sauka a wuyan hannunsa na dama. Na tsallaken titi ma sun ji ƙarar ƙashin. Direba ya juya takobin da kubensa a hannun hagu, ya maka wa mai walda a goshi, gira ta tsage, jini ya rufe masa ido. Suka zube cikin tarin rodi suna shaƙe juna. Mutum biyar ne suka raba su, cikinsu har da yayan.

A asibiti an ɗaure wa Direba karaya, an yi wa mai walda ɗinki shida, yayan kuma tara, ban da ƙuna. Ba wanda ya mutu.

Direba na kwance, leɓensa a kumbure. Ya juyo ya dubi yayansa.

"Ka san ba zai fita ba."

"Na sani."

"Ya karya min hannu, Yaya."

"Hannu zai warke."

Yayan bai jira a sallame shi ba. Jini ya fi gumi cin ƙarfe, kuma nasa na kan takubba shida tun safe. Ya koma ɗakin, ya goge su ɗaya bayan ɗaya da hannun hagu, ya sake shafa musu kaki. Na bakwai ya mayar da shi bayan ƙofa yadda yake. Bai ƙara neman zare shi ba.